Amsar Tambaya: Da Wane Yare Mawaƙiyar Cocteau Twins Take Waƙa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana cewa ya ji waƙar wasu Turawa da ake kira Cocteau Twins, ya ba ɗansa mai jin Turanci, yaron ya kasa tsintar ko kalma ɗaya. Shin yaren aljanu ne, ko kuwa yaron ne bai yi karatu ba?

To Malam, kada ka ga laifin yaro. Su kansu Turawan Ingila ba sa ganewa.

An kafa ƙungiyar ne a 1979 a Grangemouth, wani gari da ke da matatar man fetur a lokacin, a yankin Sikotilan na Birtaniya. Robin Guthrie ke kaɗa jita, Elizabeth Fraser ke waƙa. Ba su da makaɗin ganga, na'ura ce ke buga musu. Faifansu na farko, Garlands, na 1982, kiɗa ne mai kaushi da duhu, kamar hadari ya taso.

Da Simon Raymonde ya shigo, sai suka fitar da Treasure a 1984. A nan sauti ya yi laushi. Guthrie yakan bi da jitarsa ta cikin na'urori masu amsa-kuwwa, har ka rantse ba jita ba ce. Ita kuwa Fraser, saboda kunyar a ji abin da ke ranta, sai ta riƙa tsinto kalmomi daga littattafan harsuna daban-daban, don daɗin amonsu kawai, ba don ma'ana ba. Ka ji asalin "yaren" ke nan. A faifan Victorialand na 1986 ma kusan sun ajiye ganga gaba ɗaya.

A 1989 Fraser da Guthrie suka sami 'ya mace. Shekara guda bayan haka suka fitar da Heaven or Las Vegas, wanda ya kai na 7 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya. Kiɗan ya washe, kalmomin Turanci suka fara leƙowa. A Four-Calendar Café na 1993, lokacin da zamansu ya lalace, ta fito fili tana faɗin damuwarta. Wasu masoyansu suka yi ta ƙorafi wai an ɓata musu kiɗa. Bayan Milk & Kisses na 1996, ƙungiyar ta watse a 1997.

Saboda haka Malam, babu aljani a ciki. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Na mawaƙi kuwa a tambayi muryarsa. Lokacin da matar nan take ɓoye ciwonta, ta ɓoye kalmomi; da abin ya kai mata ko'ina, sai ta yi magana.