Daga wuri zuwa salula: yadda ake biyan makaɗi a Madawa, Buza da Keita

A Amurka da Turai, ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa da ba su da babban kamfani a bayansu sukan kafa tebur a bakin ƙofar zauren wasa, su jera riguna masu sunan ƙungiyar da huluna da faya-fayai. Sau da yawa cinikin teburin nan ne ke biyan man mota da ɗakin kwana. Abin da ya daɗe yana damun su shi ne mai kallo ya zo da katin banki, babu tsabar kuɗi a aljihunsa, ya yaba riga ya wuce. A 2009 wani mai sana'ar gilashi, Jim McKelvey, ya yi asarar ciniki saboda ba shi da hanyar karɓar kati. Shi da abokinsa Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, suka ƙirƙiro Square, 'yar na'ura da ake soka wa salula a goga kati. Daga nan duk mai tebur ya zama yana iya karɓar kati kamar babban kanti.

Mu a nan Adar da Gobir Tudu tarihin ya bi wata hanya dabam, don makaɗinmu bai saba da tebur ba. Abin da yake da shi murya ce da kirari, kuma kyauta ake yi masa. Makaɗin fada yana samun doki da babbar riga daga sarki. Makaɗin noma yana bin gayya, idan kaka ta yi a kai masa damin hatsi. Mai kalangu yana da mahauta da 'yan mata, 'yan kokowa suna da nasu makaɗan. A duk waɗannan akwai mutum guda da ba a yi sai da shi, wato maroƙi ko sanƙira. Shi ne zai ɗaga kyautar sama ya ce wane ɗan wane, jikan wane, ya ba da kaza. Kyautar da ba a yi shelarta ba, a idon mai bayarwa kamar an zuba ta rijiya ne, domin abin da ya saya da dukiyarsa shi ne a ambaci sunansa da na iyayensa a gaban jama'a.

Kuɗin kansu sun sha canzawa. Da wuri aka fara, shi ya sa har yau muke cewa "kuɗi", wanda asalinsa jam'in wuri ne. Sai azurfar Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta bar mana kalmar dala. Da Faransawa suka zo da nasu kuɗin suka ce da shi za a biya haraji, sunan dala ya koma kan tamma biyar, ya zauna nan har aka kafa sefa a watan Disamban 1945. Duk malamin da ya koyar da lissafi a ajin farko ya san wahalar da wannan gado ya bar mana: yaro ya san dala ashirin sarai a kasuwa, ka rubuta masa 100 a allo ya tsaya yana kallon ka. Kuɗin takarda kuwa sun yi wa makaɗa rana. Da su liƙi ya samu, a manna wa mawaƙi jika a goshi kowa yana gani daga nesa.

Kaset ne ya fara mai da waƙa haja, daga shekarun 1970. 'Yan ci-rani masu dawowa daga Abijan da Legas da Libiya suka riƙa shigowa ƙauyuka da rikoda, aka ji Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace a gidajen da ba su taɓa takawa ba. Sai dai mai shagon da ke kwafar kaset ɗin shi ya ci riba. An kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, aka kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai cikin shekarun 1990, amma makaɗin ƙauye da biki da suna ya ci gaba da rayuwa. Da salula mai ɗan katin ajiya ta zo, har mai shagon kaset ya rasa abin yi, don waƙa ta koma abin da aboki ke tura wa aboki ta Bluetooth.

Labarin Mdou Moctar, Ba'abzinen arewacin jiharmu ta Tawa, ya nuna fuska biyu na wannan zamani. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har Mali da Muritaniya ba tare da an san mai su ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya nemo mawaƙin. Yau Mdou yana zagaya ƙasashen da ake kafa teburin nan. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 shi da abokan kiɗansa suna Amurka, hanyar dawowa ta toshe, masoyansu suka tara musu kuɗin zama ta intanet.

Biya ta waya ba baƙo ba ne a jihar nan. A yunwar 2010 ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyukan Tawa ta Zap, tsarin kamfanin Zain wanda ya koma Airtel, shekara uku kacal bayan M-Pesa ta fara a Kenya. Duk da haka katin banki bai shiga hannun talaka ba. Abin da ya karɓu shi ne aike ta Nita da Amana da Al Izza, inda ɗan ci-rani ke turo wa gida. Ƙetaren iyaka kuma, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa har mai shayi karɓar tiransifa, ga dokar babban bankin Najeriya ta 2007 da ta hana liƙi, wadda aka tsananta aiki da ita a 2024.

A ganina na'urar kati irin ta Square ba za ta yi kasuwa a dandalin Buza ko Keita nan kusa ba. Ita an yi ta ne don ciniki na shiru tsakanin mutum biyu, alhali attajirin albasa da ya sayar da kayansa so yake a ji. Hanyar da ta dace da mu ita ce ɗan gari da ke Abijan ya turo jika goma ta waya, sanƙira ya duba saƙon, ya tsai da kiɗa ya faɗi sunan mutumin da na mahaifinsa, a ɗauki hoton a tura masa ta WhatsApp. Matsalar da ta rage ta rabo ce. A da, idan an tashi wasa, ana zube abin da aka samu a tabarma a ƙirga a gaban 'yan amshi da masu ganga, kowa ya ɗauki kasonsa. Kuɗin da suka shiga wayar shugaban ƙungiya, shi kaɗai ya san adadinsu.