Ajami a unguwannin zango na Accra: haruffa, wasula da lambobi

A Nima da Maamobi, kamar sauran unguwannin zango na Accra, yaro na tasowa ne da Hausa a baki, ya koyi Turanci a boko, ya koyi haruffan Larabci a gaban malam. Hausa ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnatin Ghana ke koyarwa. Amma kakanni sun bar wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da lissafin bashi da suka rubuta da Hausa cikin haruffan Larabci, wato ajami. Wanda ya yi karatun allo ya riga ya yi nisa wajen karanta su, 'yan ƙa'idoji kawai suka rage masa.

Fitaccen marubucin ajami a Ghana shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi, ya rasu a 1934. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara irin waɗannan rubuce-rubuce a shekarun 1960.

Babbaƙu

Larabci na da haruffa 28. Ana rubuta su daga dama zuwa hagu, kuma siffar yawancinsu kan sauya a farko, tsakiya ko ƙarshen kalma. Ga sautukan Hausa da babu a Larabci, malamai sun ɗora wa wasu haruffa sabon aiki: غ ya zama g, ث ya zama c, ط ya zama ɗ, ق ya zama ƙ. Idan aka sa wa ط ɗigo uku, ya koma ts. Sau da yawa harafi ɗaya ake rubuta b da ɓ da shi, sai ma'anar jimla ta raba "bari" da "ɓari".

Tsofaffin takardun na bin salon rubutun Magariba ne, irin na Alƙur'ani mai riwayar Warshu. A wannan salo fa na da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf na da ɗigo ɗaya a sama. A bugun Gabas kuwa, irin na Saudiyya da Masar, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas na iya karanta "fasa" a inda aka rubuta "ƙasa".

Farfaru

Ba kamar Larabcin jarida ba, ajami yakan zo da wasulansa. Wasali bisa na ba da a, wasali ƙasa na ba da i, rufu'a na ɗaukar u da o. Sautin e kuma babban ɗigo ne a ƙarƙashin harafi, wanda ake kira imala. Alif da wau da ya na nuna jan wasali, abin da boko ba ya yi. A boko, "gari" na mutane da "gari" na rogo rubutunsu ɗaya. A ajami, na rogo na da alif bayan harafin farko.

Lambobi

Alƙaluman Larabci su ne ١ (1), ٢ (2), ٣ (3), ٤ (4), ٥ (5), ٦ (6), ٧ (7), ٨ (8), ٩ (9) da ٠ (0). Su daga hagu ake karanta su, kamar na boko. Uku ne ke yawan ruɗa mai koyo: biyar ta yi kama da sifili, shida ta yi kama da bakwai ta boko, sifili kuwa ɗigo ne kawai.

Hisabi da ramzi

Malamai kan rubuta adadi da haruffa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, ya 10, kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50. Da wannan ake ɓoye shekarar Hijira a ƙarshen waƙa cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi.

Daga 60 ne Gabas da Magariba suka fara saɓawa. A lissafin Magariba, wanda malaman Afirka ta Yamma suka bi, shin 1000 ne, sin 300. A na Gabas, shin 300 ne, sin 60. Saboda haka shin da sin da nun na nufin 1350 bayan Hijira, wato 1931 zuwa 1932. Wanda ya bi lissafin Gabas 410 zai samu, ya ɓatar da shekarar takardar kakansa da ƙarni tara da ɗoriya.

Ajami bai da daidaitacciyar ƙa'ida guda, kowane malami da hannunsa. Don haka kafin a shiga karatun tsohuwar takarda, a fara duba inda ɗigon fa yake. Idan yana ƙasa, salon Magariba ne, kuma lissafinsa ya kamata a bi. Mai neman gwajin farko ba sai ya je nesa ba: takardar kuɗin Najeriya ta 1000 na ɗauke da "naira dubu" da ajami.