Kalmar “home”: daga ƙauyen Ingila zuwa takardun mulki

Mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa yakan ci karo da kalmomi biyu, “house” da “home”, alhali kalma ɗaya ce a hannunsa, wato gida. Ta farkon ba ta da wuyar sha'ani, domin gini take nufi, bango da rufi da ƙofa, abin da ake iya aunawa a yi masa kuɗi. Ta biyun kuwa ba ta da tsawo balle faɗi. Takan nufi ɗakin da mutum yake kwana, ko garin da aka haife shi, ko ƙasar da kakanninsa suka baro. Rashin iyakar nan shi ya ba ta zaƙi a bakin mawaƙa, shi ne kuma ya sa masu mulki suka riƙa ɗaukarta duk sa'ad da suke son yanke wa jama'a hukuncin inda ya dace su zauna, cikin lafazin da ba ya tayar da hankali.

A tsohon Ingilishi, wanda ƙabilun Angil da Sakson suka shigo da shi tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5, lafazin kalmar “hām” ne, ana jan wasalin. Ma'anarta ta haɗa mazauni da gandu da ƙauye gaba ɗaya, har da mutanen da ke ciki. Sawunta yana nan a ƙarshen sunayen garuruwa. Birmingham na nufin mazaunin mutanen wani mai suna Beorma, Nottingham kuma na mutanen Snot. A ƙidayar dukiyar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086, Birmingham ɗan ƙauye ne da aka ƙiyasta darajarsa a kan sule 20. 'Yan'uwan kalmar suna nan a maƙwabtan harsuna: “Heim” a Jamusanci, kamar yadda ake gani a sunan Mannheim, da “heimr” a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda har duniya kanta takan nufa. Ke nan asalinta ya fi kusa da gida na Bahaushe a irin faɗarsa ta gidan sarauta ko gidan malamai, inda jama'a ake nufi kafin gini.

Doka kuwa ta fi son abin da ake iya nunawa da yatsa. A wata shari'a ta 1604 da aka sani da sunan Semayne, masanin doka Edward Coke ya rubuta cewa gidan mutum tamkar ganuwarsa ne, kuma “house” ya yi amfani da ita, domin maganar ta fasa ƙofa ce. Hukuncin ma bai hana jami'an sarki shiga ba. Ya yarda su ɓalle ƙofa a kan sha'anin sarki, muddin sun fara faɗin abin da ya kawo su, sun nemi a buɗe. Daga baya ne bakin jama'a ya musanya kalmar, zancen ya zama karin magana da “home” a ciki.

Ƙarni na 19 ne ya yi wa kalmar ado. Kafin nan masaƙi da maƙeri da manomi a inda suke kwana suke sana'a. Da masana'antu suka kankama a garuruwa irin su Manchester, aiki ya fita daga gida, sai masu hali suka fara siffanta gida a matsayin mafaka daga hayaƙi da hayaniyar kasuwa, suka kuma ɗora wa mace nauyin tsaronsa. Amma matar da ake yi wa wannan kirari ba ta da ikon mallaka a cikinsa, domin dukiyarta takan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, har sai da dokokin 1870 da 1882 suka sauya lamarin. A wannan zamani ne waƙar “Home, Sweet Home” ta fito a wani wasan dandamali a Landan a 1823. Wanda ya tsara baitocinta, John Howard Payne, Ba'amurke ne da ya yi shekaru yana yawo a ƙasashen waje, ya kuma rasu a Tunis a 1852 yana wakiltar ƙasarsa.

Daɗin kalmar ya sa aka laƙaba ta ga wuraren da ba su yi kama da gida ba. Gidajen marayu da na gajiyayyu duk “home” aka kira su. Daga 1869 zuwa gaba, irin waɗannan gidaje sun tura yara fiye da 100,000 daga Birtaniya zuwa Kanada, inda akasarinsu suka ƙare a aikin gona da aikatau, ana kiransu “Home Children”. An tura wasu kuma Ostireliya. Sai a 2010 Firaminista Gordon Brown ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Hukuma ita ma ta daɗe da karɓar kalmar. A 1782 aka raba ayyukan gwamnatin Birtaniya gida biyu, aka kafa ma'aikatar harkokin waje da “Home Office”, wadda kafofin labarai na Hausa suke kira ma'aikatar harkokin cikin gida. Daga nan “home” ta zama kishiyar ƙetare. Da daula ta faɗaɗa, kalmar ta zama ma'aunin kusanci da cibiyar mulki. Turawan da aka haifa a Ostireliya sukan kira Birtaniya “Home” ko da ba su taɓa taka ta ba. Razdan ko Di'o da ya share shekara 20 tsakanin Kano da Sakkwato, in lokacin hutunsa ya yi, “home leave” yake tafiya. Ƙasar da yake karɓar harajinta wurin aiki ce kurum a harshensa. A Ailan kuwa masu neman 'yanci sun juya kalmar ta zama tasu, suka nemi “Home Rule”, wato majalisar kansu a ƙarƙashin rawanin Birtaniya. Ƙudurin ya faɗi a 1886 da 1893, ya zama doka a 1914, yaƙin duniya na ɗaya ya sa aka jingine shi. Ko a nan, amfanin kalmar shi ne tsayawarta a tsakiya, ta wuce biyayya zalla, ba ta kai cikakken 'yancin kai ba.

Babu inda wannan tsayawa a tsakiya ta fi yin tsada kamar a Falasɗinu. Ranar 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajen Birtaniya, Arthur Balfour, ya aika wa Lord Rothschild wasiƙa cewa gwamnati tana goyon bayan kafa wa Yahudawa “national home” a Falasɗinu. Dokar ƙasa da ƙasa ta san daula, ta san yankin da ke ƙarƙashin kariya, amma ba ta san wannan lafazi ba. Tun a taron 'yan sahayoniya na farko a Basel a 1897 an zaɓi makamanciyarsa ta Jamusanci, “Heimstätte”, domin kada a tunzura Daular Usmaniyya da ke riƙe da ƙasar. Masu neman daula sun karanta wasiƙar a matsayin matakin farko, jami'an Birtaniya kuma sun samu damar cewa ba su yi alkawarin daula ba. Larabawa, waɗanda su ne kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna ƙasar, wasiƙar ba ta ambaci sunansu ba, ta kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba. A 1922 lafazin ya shiga takardar riƙon amanar da ta damƙa ƙasar ga Birtaniya. A 1939 gwamnatin Landan ta fito ta ce ba manufarta ba ce Falasɗinu ta zama daular Yahudawa. A 1948 aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa matsugunansu.

A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta yi amfani da kalmar wajen korar mutane daga ƙasarsu ba tare da sun tsallake iyaka ba. Ta keɓe wa baƙaƙen fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, yankuna 10 a kan kimanin kashi 13 cikin 100 na ƙasa, ta kira su “homelands”. Dokar 1970 ta ɗaura kowane baƙar fata ga ɗaya daga cikinsu bisa ƙabilarsa, ko da a Johannesburg aka haife shi. Da aka ba Transkei 'yancin jeka-na-yi-ka a 1976, miliyoyin masu magana da harshen Xhosa suka wayi gari baƙi a ƙasar haihuwarsu. Sai a 1994 aka rushe tsarin.

A ƙarshe kalmar ta dawo Landan da kaifinta. A Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutane daga yankin Karibiyan a tashar Tilbury, 'ya'yan daular da makarantun mulkin mallaka suka koya wa cewa Birtaniya ce uwa. A Yulin 2013, lokacin da Theresa May take jagorantar ma'aikatar cikin gida, aka fito da motoci a unguwanni 6 na Landan ɗauke da allunan da ke ce wa marasa takardun zama “go home”, in ba haka ba a kama su. A 2018 ta bayyana cewa tsauraran matakan ma'aikatar sun faɗa kan mutanen zamanin Windrush da suka zauna bisa doka shekaru aru-aru. Wasu sun rasa aiki da magani, an tsare wasu, an kuma tasa ƙeyar wasu zuwa ƙasashen da suka baro tun suna yara. Sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a Afrilun shekarar.

Bahaushe yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, wato zama da hulɗa su ne ke riƙe mutum da wurinsa. Takardun mulki da aka rubuta da Ingilishi sun sha bin wata hanyar, suna naɗa wa mutum gida a inda bai taɓa zama ba, suna cire shi daga inda ya tsufa. Saboda haka wanda ya gamu da “home” a cikin doka ko yarjejeniya ko jawabin ɗan siyasa, ya kamata ya dakata kafin ya rubuta gida, ya bincika wa ya furta ta, wa aka nufa da ita, da kuma wanda yake zaune a wurin tun kafin a furta.