George Polya, Malamin Lissafin da Ya Ce a Koya wa Ɗalibi Kirdado

A shekarar 1945 kamfanin ɗab'i na Jami'ar Princeton da ke Amurka ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna How to Solve It, wato yadda ake warware matsala. Kafin nan littafin ya sha yawo a hannun masu ɗab'i, kowa ya duba ya mayar wa mai shi, don ba su ga wanda zai saya ba. Da ya fito sai ya shige gaba. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, an fassara shi zuwa harsuna da yawa, kuma har yau ana buga shi. Marubucinsa George Polya yana da shekara 57 a lokacin, sunansa kuma ya riga ya zaga duniyar masana lissafi. Mutum irin wannan, a al'adar jami'a, ba ya sunkuyowa ya yi magana da malamin sakandare da ɗalibinsa. Polya ya sunkuyo, ya kuma ci gaba da yin haka har shekara talatin da 'yan kai.

An haife shi a Budapest, babban birnin Hangari, ranar 13 ga Disamba 1887. Mahaifinsa ya rasu a 1897. A makaranta lissafi bai burge shi ba ko kaɗan, saboda yadda ake koyar da shi: a rubuta ƙa'ida a allo, yaro ya haddace, gobe ya maimaita. Da ya shiga Jami'ar Budapest a 1905 sai ya fara karatun lauya don bin umarnin mahaifiyarsa, amma bai daɗe ba ya bari. Ya koma harsuna da adabi, daga nan ya koma falsafa. Malaminsa na falsafa, Bernat Alexander, shi ya ba shi shawarar ya ɗan taɓa lissafi da fiziks don su taimaka masa. A nan ya haɗu da Lipot Fejer, malamin da yake zama da ɗalibansa a gidan shan gahawa yana ba su labarin yadda manyan masana suka yi ta faɗi-tashi kafin su kai ga amsa. Polya ya sami digirin digirgir a 1912, ya ƙara karatu a Gottingen ta Jamus da birnin Faris, sannan a 1914 ya sami aikin koyarwa a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Zurik a Suwizalan. Shekara 26 ya yi a can.

Binciken da ya yi a waɗannan shekarun ya isa ya ɗaukaka sunan mutum uku. Shi ya raɗa wa ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin ilimin yiwuwa sunan da ake kiranta da shi yau, a 1920. A 1934 ya fitar da littafi tare da masana lissafi Hardy da Littlewood na Ingila. A 1937 ya kawo hanyar ƙirge da masana sinadarai suke amfani da ita wajen sanin yawan siffofin da wani haɗin sinadari zai iya ɗauka. Amma aikin da ya fi nuna halinsa shi ne na 1921. Yana yawan tattaki a wani daji kusa da masaukinsa, sai wata rana ya yi ta cin karo da wani ɗalibi da budurwarsa, ya sake hanya ya sake gamuwa da su, har kunya ta kama shi kada su zaci bin su yake yi. Ya koma gida da tambaya: mai yawo da ka, wanda duk mararrabar da ya iso ƙuri'a ce ke zaɓa masa inda zai nufa, shin zai komo inda ya taso? Ya tabbatar da cewa a kan miƙaƙƙen layi ko a kan shimfiɗar ƙasa lalle zai komo, komai daren daɗewa. In kuwa an ƙara masa hawa sama da sauka ƙasa, yiwuwar komowarsa ta ragu zuwa kimanin kashi 34 cikin 100.

Tun a Zurik abin da ya dame shi yana yaro bai sake shi ba. Littattafan lissafi suna kawo hujja a kammale, tsaf, kowane layi ya bi na gabansa, amma ba sa faɗin yadda aka yi tunanin ya zo wa mai shi. Ɗalibi ya karanta, ya yarda daidai ne, sannan ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba zai taɓa iya gano irin wannan ba. Polya ya san ba haka ake gano lissafi ba. Masani yana gwada ƙananan misalai, ya hango wani tsari, ya yi kirdado, ya jarraba, ya ga kuskure, ya gyara. Hujja a ƙarshe take zuwa. Shi ya sa littafin tambayoyi da ya rubuta da abokinsa Gabor Szego a 1925 ya sha bamban da na gabansa: an jera tambayoyin ta yadda kowace za ta buɗe wa mai karatu ƙofar ta gaba, har ya wayi gari ya gina babbar ƙa'ida da hannunsa.

Yaƙin duniya na biyu ne ya tashe shi daga Turai. Asalin gidansu Yahudawa ne, Suwizalan kuma tana maƙwabtaka da Jamus ta Hitila. A 1940 shi da matarsa Stella suka tafi Amurka, a 1942 ya zauna a Jami'ar Stanford, inda Szego yake shugabantar sashen lissafi.

Matakai huɗu ne ƙashin bayan littafinsa na 1945: a fahimci tambayar, a tsara dabara, a aiwatar da ita, sannan a waiwaya a duba abin da aka yi. An rubuta su a bangon azuzuwa da yawa, wasu malaman ma suna sa yara su haddace su, abin da ya saɓa wa duk manufar mutumin. Wanda yake son ganin abin da Polya yake nufi gara ya nemi fim ɗin da aka ɗauke shi yana koyarwa a tsakiyar shekarun 1960, mai suna Let Us Teach Guessing, lokacin ya doshi tamanin.

Tambayar da ya yi wa ajin, in an kawo ta kusa, ita ce: a ɗauki kankana a yanka ta sau biyar da doguwar wuƙa, ba tare da an raba gutsattsarin ba. Gutsure nawa ne mafi yawa da za a samu? Bai ba su ƙa'ida ba. Ya sa su fara daga mai sauƙi. Yanka ɗaya, gutsure 2. Yanka biyu, 4. Yanka uku, 8. To na huɗu fa? Bakin kowa ya tafi ga 16, shi kuma bai hana ba, ya ce kirdado ne mai kyau, saura a gwada shi. Sai ya ja su zuwa tambaya mai kama da ita wadda ido yake iya gani: layuka a kan takarda. Layi ɗaya ya raba ta 2, biyu 4, amma uku 7 suke bayarwa, ba 8 ba. Ninkawa ta karye a nan, don haka babu dalilin amincewa da ita a can. Layi huɗu suna ba da 11. Da aka jera lambobin kusa da juna sai ɗaliban suka hango tsarin da kansu: 8 da 7 sun ba da 15, 15 da 11 sun ba da 26. Dalilin ma a fili yake da zarar an lura. Fuskar sabon yanka tana cin karo da yankan baya, su zana mata layuka, kuma kowane yanki da layukan suka fitar a kanta yana raba gutsure ɗaya gida biyu. Amsar 26 ce, amma abin da ajin ya tashi da shi ya fi lambar: sun yi kuskure a bainar jama'a, ba wanda ya tsawata musu, kuma kuskuren ne ya nuna musu hanya.

Irin wannan koyarwa tana cin lokaci, tana kuma buƙatar malamin da ya taɓa ɗanɗana wahalar warware tambaya da kansa. Polya ya gane haka. Bayan ya yi ritaya a 1953 sai ya mayar da ƙarfinsa kan malaman sakandare, yana tara su yana ba su tambayoyin da ba su saba gani ba, don su ji abin da ɗalibi yake ji. Daga wannan aikin ne littafinsa Mathematical Discovery ya fito, juzu'i biyu, a 1962 da 1965. Shi da Szego kuma sun kafa gasar lissafi ta Stanford ga 'yan sakandare, wadda ta gudana daga 1946 zuwa 1965, a kan salon tsohuwar gasar ƙasarsu Hangari.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya zauna yadda ya so ba. Alan Schoenfeld, wanda ya yi shekaru yana nazarin yadda ɗalibai suke tunkarar tambaya, ya nuna a littafinsa na 1985 cewa shawarwarin Polya sun yi wa mai koyo faɗi. Ka ce wa yaro ya nemi tambaya mai sauƙi mai kama da wannan, to wacce daga ciki, kuma yaushe zai gane hanyar da ya ɗauka ba ta ɓullewa? Gwani ya san wannan, sabon shiga bai sani ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma ina ganin gaskiya ce. Sai dai Schoenfeld bai rushe ginin ba, ɗora masa ya yi, domin daga Polya ya samo tambayar tun farko.

Polya ya koyar da darasinsa na ƙarshe a Stanford a 1978, yana da shekara 90, kan ilimin ƙirge, tare da matashin masanin kwamfuta Robert Tarjan. Ya rasu a Palo Alto ranar 7 ga Satumba 1985 yana da shekara 97. A 1976 ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka ta kafa lambar yabo da sunansa, ga wanda ya rubuta maƙalar da ta fi bayyana lissafi yadda mai koyo zai fahimta.