Daga Dokar 1999 Zuwa Katin Asibiti: Ina Rabon Matan Kahu?

Barkanmu da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara da su suka riga mu gidan gaskiya.

Kwamiti ya ce in rubuta tarihi, kuma na san da yawa sun zaci zan kawo labarin yadda muka fara adashe a tsakar gida ne. Wancan kowa ya sani. Na zaɓi wani tarihin daban, saboda maganar da ta raba mana kai a zaman da ya wuce: wasu na cewa mu rushe asusun jinya da muke tarawa, mu raba wa kowa kasonta ta je ta yi rajistar inshorar gwamnati, wasu na cewa a'a. To wannan gardamar ba a Kahu aka fara ta ba. Manya a Legas da Abuja sun shafe shekara sittin suna yin irinta.

Tun a 1962 ministan lafiya na lokacin, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai ƙudiri majalisa cewa mutanen Legas su riƙa zuba wani abu kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, domin ranar ciwo a duba su ba tare da neman kuɗi ba. Ƙungiyar likitoci ta ƙi, maganar ta mutu. Lokacin ma ba a ji zafin abin sosai ba, domin iyayenmu suna ba da labarin cewa a disfensare ta En'e kwalba kawai za ki je da ita a zuba miki magani. Sai dai disfensaren ba ta da yawa, kuma mace nawa ce ma ake bari ta je?

Abin ya canja ne bayan kuɗin man fetur ya ja baya. Daga 1986, zamanin Babangida da shirinsa na tsuke bakin aljihu, asibitin gwamnati ya koma sai da kuɗi: kuɗin kati, kuɗin allura, kuɗin safar hannu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako suka amince da tsarin sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin a sake saro wani. A takarda dabara ce mai kyau, kamar dai jarin ƙuli-ƙuli. A aikace, wadda ba ta da ko sisi sai ta koma gida ta jiƙa saiwa.

A watan Mayu 1999, saura kwanaki ya miƙa mulki, Janar Abdulsalami Abubakar ya sa hannu a doka mai lamba 35 wadda ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. Dokar ta yi barcin shekara shida, sai ranar 6 ga Yuni 2005 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Tsarin ya ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Katin zai ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ku ji fa, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu. Yo a garin nan gida nawa ne wannan lissafin zai rufe? Wanda ya zauna ya rubuta wannan bai taɓa shiga gidan da uwargida da amarya da jikoki suke ci a tukunya ɗaya ba. Sannan dokar ba ta tilasta wa kowa shiga ba, jihohi kaɗan ne suka sa ma'aikatansu. Manomi, da mai sayar da awara, da mai saƙar tabarma, su kam ba a ma yi lissafi da su ba. Shi ya sa aka shekara goma sha biyar ana abu ɗaya amma waɗanda suka amfana ba su wuce biyar cikin ɗari na 'yan Najeriya ba, alhali fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita.

Akwai kuma 'yan tsakiya, kamfanonin da ake kira HMO. Hukuma ta ba su kuɗi, su kuma su biya asibiti. Asibitoci suka yi ta kukan ba a biyan su a kan lokaci, masu kati suka yi ta kukan ana yi musu kallon 'yan maula. Farfesa Usman Yusuf, mutumin Katsina, da ya shugabanci hukumar ya fito fili ya yaƙi kamfanonin. Ministan lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a 2017 bisa wasu zarge-zarge, Shugaba Buhari ya mayar da shi a 2018, a 2019 aka sallame shi. Ko wa ke da gaskiya, abin da rigimar ta nuna shi ne tsohuwar dokar ta tsufa.

Kafin nan wata dokar ta shigo, kuma ita ce ta fi shafar mu. Ƙudirin dokar lafiya ta ƙasa ya yi kusan shekara goma yana yawo a majalisa. A watan Mayu 2011 matan kasuwa suka yi dafifi a ƙofar majalisar tarayya a Abuja, aka zartar da shi, amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba. Sai a watan Oktoba 2014 Jonathan ya sa hannu a wanda aka sake zartarwa. Ina son mu riƙe wannan: mata masu tallar tumatir da barkono suna cikin waɗanda suka tura motar nan ta tashi.

Dokar 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko. Ta kuma faɗi yadda za a kasa shi: rabi ya tafi biya wa talaka inshora, kashi 20 magani da allurar rigakafi, 15 gyaran asibiti da kayan aiki da abin hawa, 10 ma'aikata, 5 taimakon gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki da kuɗi ke shiga asusunsa. Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, Kahu ɗaya ce a cikin goma na Kibiya. Amma ko kwabo ba a sa a kasafi ba sai 2018, lokacin da majalisa ta cusa kimanin naira biliyan 55. Kuma dokar ta ce jihar da ke son kason sai ta kawo nata kashi 25. Nan ma aka ja daga: masu cewa in jiha ba ta zuba nata ba ba za ta kula da kuɗin ba, da masu cewa wannan sharaɗin hukunta talakan jihar da gwamnanta ya yi sakaci ne. Ni ina tare da na biyun. Mai naƙuda ba ita ta hana gwamna biya ba.

A nan Kano an bi wata hanya. Tun 2001, a zamanin Kwankwaso na farko, aka fara shirin haihuwa kyauta a asibitocin jiha. A 2016 gwamnatin Ganduje ta yi dokar da ta kafa hukumar KSCHMA. Ku lura, ba a sa mata suna inshora ba, taimakekeniya aka ce, domin mutane da yawa suna da shakka a kan inshora ta fuskar addini, suna ganin akwai caca da rashin tabbas a ciki. Da aka ce taimakon juna ne, kowa ya zuba, wanda Allah Ya jarraba a ɗauka a yi masa, sai hankali ya kwanta. Wallahi ranar da na fara jin bayanin a rediyo dariya na yi, na ce ai wannan asusunmu ne aka sa wa ofis da mota. A 2017 kuma aka kafa asusun KHETFUND, wanda doka ta ce a riƙa zuba masa kashi 5 na harajin da jiha ke tarawa da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi.

Sai ranar 19 ga Mayu 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda Sanata Ibrahim Oloriegbe na Kwara ya ɗauki nauyinta. Ita ta soke tsohuwar dokar NHIS ɗungurungum, ta kafa NHIA. Ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa, ta ɗora wa jihohi gudanar da nasu shirin, ta kuma kafa asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa da marasa galihu. Shugaban ya ce mutum miliyan 83 ake nufi. Tambayar da aka yi ta yi ita ce, da wane kuɗin? Har shawarar cire kwabo ɗaya a kowace daƙiƙa ta kiran waya an kawo, kamfanonin waya suka ce ba su yarda ba. Gana kuwa tun 2003 ta yanke wannan gardamar, ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin kayan saye domin inshora.

Kada ku ce mu kaɗai ne. A Amurka, a 2017, jam'iyyar Trump ta yi ƙoƙarin soke dokar lafiya ta Obama ta 2010. Ɗaya daga ƙudirorin cewa ya yi a tattara kuɗin a miƙa wa jihohi dunƙule kowacce ta yi yadda ta ga dama, wanda hakan zai rage wa wasu jihohi ya ƙara wa wasu. Bai sami ƙuri'un da yake buƙata ba. Bambancinmu da su, su sokewa suka so yi domin gwamnati ta janye hannu, mu kuwa an soke ne domin a faɗaɗa. Amma tambayar ɗaya ce: in kuɗi ya bar babban birni, a hannun wa zai sauka? Ko hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wannan tambayar yake amsawa, kuma ƙaramin asibiti irin namu a wuyan ƙaramar hukuma yake.

To mu dawo gida. Shekarun baya, da damina, ƙanwata ta fara zubar da jini bayan haihuwa cikin dare. Kuɗin motar da ta kai mu Rano daga asusun ƙungiya ya fito, ma'ajiyarmu ta kwance shi daga bakin zani ba ta tambayi takarda ba. Da aka tura mu wani asibiti a birni, aka ce aikin kyauta ne, amma sai da muka sayi jini leda biyu da maganin da aka ce ya ƙare a ciki. Ta rayu, alhamdu lillahi. Da muna da kati a lokacin, da ya rage mana wani abu, wannan gaskiya ne. Amma kati ba ya tashin direba da ƙarfe biyun dare, ba ya zuba mai a mota, ba ya ciyar da mai jinya kwana shida.

Saboda haka ra'ayina, kuma ra'ayi ne kawai, kada mu rushe asusun. Tarihin nan ya nuna doka tana iya yin shekara shida ko huɗu kafin kuɗinta ya fito, kuma abin da wata gwamnati ta kafa wata tana iya sokewa. Mu nemi namu a wurin gwamnati, domin haƙƙinmu ne ba alfarma ba: duk mai ciki, da mai ƙaramin yaro, da gwauruwar da ke riƙe da marayu, a kai sunanta a nemi a sa ta cikin waɗanda ake biya wa. Mu kuma nemi kujera a kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti, domin mu san nawa ya shigo da abin da aka saya. Asusunmu kuma ya tsaya a kan mota da jini da abinci.

Masu ganin a raba kuɗin su ma suna da hujja, sun ce zubi biyu ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, ga tsadar masara ga kuɗin taki. A zama mai zuwa za a ba kowane ɓangare dama kafin a ɗaga hannu. Kowacce ta zo da katinta na ɗan ƙasa, domin sakatariya za ta fara rubuta sunayen da za mu kai ofishin lafiya na Kibiya.