Tantanin Magani Mai Jin Zafi: Tarihinsa da Matsalar Bazarar Kabi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata dabara ta haɗa magunguna, watau a kulle magani cikin abin da zafi ne mabuɗinsa, sa'an nan mu duba yadda za ta kasance in ta iso kwarin Gulbin Rima.

Dabarar dai ba baƙuwa ba ce ga Kabawa. Man kaɗe yakan sandare da hunturu, amma da an shafa shi sai zafin jiki ya narkar da shi, shi ya sa masu ɗori suke cuɗa garin magani a cikinsa. Mungo Park ya yabi wannan mai a littafinsa na 1799, kafin tafiyar da ta bi da shi ta Yawuri har ya halaka a Busa cikin 1806. Sai dai man kaɗe ba ya iya buɗewa ya sake rufewa yadda ake so.

Abin da masana suka nema ke nan a wajen folima, watau sinadarai masu dogon zare irin na roba da ƙaro. A 1964 Folkman da Long suka nuna cewa magani yana tsattsafowa a hankali ta jikin robar silikon. A 1968 kuma Heskins da Guillet, a Toronto ta Kanada, suka bayyana halin wata folima da ake kira PNIPAM. Ƙasa da digiri 32 takan sha ruwa ta kumbura, in zafi ya haura haka kuwa sai ta amayar da ruwan ta takure. In aka dasa zarenta a cikin ƙofofin tantani, da sanyi yakan baje ya toshe su, da zafi ya nannaɗe ya ba magani hanya. A 1987 Bae da Okano da Kim suka nuna a Jami'ar Utah ta Amurka cewa ana iya tsai da fitar magani a kuma maido da ita ta hanyar sauya zafi kawai.

To, a ganinmu, nan gizo ke saƙa. Duk wannan bincike an gina shi ne a kan zaton cewa jikin mutum ya fi ɗakin ajiya zafi. A Birnin Kabi da Argungu kuwa, cikin Afrilu, zafin inuwa ma yakan wuce digiri 40, alhali na jiki 37 ne. Mun riga mun ga alama ga maganin cizon sauro na artesunate da ake cusa wa yara ta dubura, wanda mazauna bakin fadama irin Zauro suke da bukatarsa: umarnin masu yin sa shi ne a ajiye shi ƙasa da digiri 25. Wane ɗakin shan magani na ƙauye ne ke da wannan sanyi da bazara?

Akwai abin koyi daga rigakafin sanƙarau na MenAfriVac. An auna juriyarsa, aka yarda ya yi kwana 4 ba ƙanƙara a zafin da bai wuce digiri 40 ba, aka kuma fara aiki da shi haka a Banikoara ta Jamhuriyar Benin, maƙwabciyar Jihar Kabi, cikin 2012. Ita ma folimar ana iya ɗaga ma'auninta in an gauraya ta da sinadari mai son ruwa. Amma tantanin da aka tsara ya buɗe in zazzaɓi ya kai digiri 39, a Zauro zai buɗe ne cikin kwalinsa tun azahar, kafin ya ga majiyyaci.