Na'urar da Aka Koya wa Gardama

Tun daga shekarar 1853, lokacin da Alexander Wood, likitan birnin Edinbara, ya soma tsira wa marasa lafiya allura da sirinji, mas'alar da ta fi damun ma'abota ilmin ɗibbu ba ta wuce ta mizani ba, domin maganin da kaɗan ɗinsa yake shifa'i, shi ne yawansa ke zama sanadin ajali, balle wanda aka zuba ta jijiya, inda babu halin a yi amansa. Shekaru da yawa ma'aikaciyar jinya ce mizanin, tana duban agogo tana ƙidaya ɗigon ƙarin ruwa, kamar yadda har yau ake yi a asibitocinmu da dama.

A cikin shekarun 1970 wani likita a Ingila, Martin Wright, ya ƙera 'yar na'ura mai batir wadda ke tura sirinji sannu a hankali, domin yara masu wata cutar jini ta gado su sami maganin rage ƙarfen da ya taru a jikinsu ba tare da an tsare su a gadon asibiti ba. Haƙiƙa rahama ce babba, har masu jinyar ƙarshen rayuwa ma suka sami sauƙin raɗaɗi a ɗakunansu. Sai dai kamfanin Graseby ya fitar da ita iri biyu masu kama da juna, shuɗiya mai suna MS16A wadda ke lissafi da awa guda, da koriya mai suna MS26 wadda ke lissafi da awa 24, ta yadda duk wanda gajiya ta sa ya rafkana ya ɗauki shuɗiya a madadin koriya, maganin yini da kwana zai ƙare a jikin bawan Allah cikin sa'a ɗaya, na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba, tunda ɗa'a kaɗai aka koya mata. A watan Disamba na 2010 hukumar kiyaye lafiyar majinyata ta Ingila, bayan ta ƙidaya rayuka 8, ta ba da wa'adin shekara biyar a sauya irin waɗannan na'urori. A ganina an yi jinkiri ƙwarai.

Maganin abin daga Amurka ya ɓullo, a hannun Nathaniel Sims, likitan sa barci a babban asibitin Masacusets da ke Boston, wanda shi da abokan aikinsa suka sami takardar haƙƙin ƙirƙira a 1997 bisa wata hikima, wato a cusa wa na'ura kundin magunguna, kowanne da haddinsa na sama da na ƙasa; a na'urorin da suka biyo baya, idan an ƙetare sassauƙan haddi na'ura ta yi gargaɗi, idan an ƙetare tsattsauran haddi ta ƙi aiki faufau. Kamfanin Alaris ya kai irin wannan na'ura kasuwa a 2001. Duk da haka, daga 2005 zuwa 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi rahoton matsala wajen 56,000 kan na'urorin ƙarin ruwa, da yawa daga cikin matsalolin kuwa daga ƙira suke.

Wa'adin waccan takarda ta haƙƙin ƙirƙira ya daɗe da cika, amma kundin ba ya zuwa a cike; wajibi ne masu haɗa magani da likitoci na kowane asibiti su zauna su rubuta haddodinsu, na jarirai daban, na manya daban, su kuma riƙa sabunta su.